Ƙwayar Ciwon Kai Ta Ci Mini Yatsun Ƙafa

Salamu alaikum. Masu tambayar ina Sagir mai acaɓa ya shige, ga ni, ban mutu ba.

Ciwon ɓarin kai gare ni tun ina yaro. In ya tashi, ko hasken rana ba na iya kallo. Wani mai kemis a Dutsin-Ma ya ba ni wata ƙwaya, ta yi mini aiki. Daga nan kullum sai na sha kafin in ɗauki hanyar Kurfi.

Sai tari ya kama ni, na haɗa da wani maganin tari.

Ƙafafuna suka yi sanyi kamar ƙanƙara, cikinsu kuma kamar ana hura wuta. Kawuna a Rawayau ya ce sammu na taka. Aka kara mini ƙafar a kaskon garwashi. Fata ta ƙone, ni ban ji ba. Ƙauri ne ya sa Inna ta yi kururuwa.

A asibiti a Katsina likita ta lalubi bugun jini a ƙafar hagu, babu. Ta karɓi kwalin ta duba.

"Ergotamine ce. Daga wata fumfuna da ke kama hatsi ake yin ta. Tana matse jijiyoyin jini, maganin tarin kuma ya hana ta fita daga jikinka."

Ƙarin ruwa, allurai, hoton jijiya, wankin ciwo kowace safiya. Baba ya sayar da wakenmu tun bai bushe ba. Ƙafar dama ta dawo. Yatsun hagu suka yi baƙi, aka yanke.

Alhaji Lawal, mahaifin Hadiza da aka sa mana rana, ya zo dubiya. Bai zauna ba. Ya ɗaga zanen da aka rufa mini, ya duba, ya mayar.

Ya juya wajen Baba ya ce, "Malam, da me zai ciyar da ita? Allah ya sawwaƙe."

Kafin a sallame ni an mayar mana da lefe.

Yanzu ina takawa da sanda. Na gode wa Allah, da Inna da Baba, da nas ɗin da take riƙe hannuna lokacin wanki.

Don Allah, mai ciwon kai ya ga likita, ya faɗi duk maganin da yake sha. Mai ciki kada ta kusanci ƙwayar nan. In hannu ko ƙafa ya yi sanyi yana zugi, a daina sha, a tafi asibiti a ranar. Kada a kai shi gaban wuta.