Malama Naomi Mai Hoton Ƙafa

A Haɗejia aka haifi Malama Naomi Istifanus, iyayenta ne dai suka zo daga Kudancin Kaduna. Tana koyarwa a wata makarantar 'yan mata a wajen Auyo, kuma ita ta ƙirƙiro tseren ranar Alhamis. Da ta fara ɗaukar hoton yaran da wayarta, iyaye suka ce ba su yarda fuskokin 'ya'yansu su yi ta yawo a duniya ba. Malama Naomi ba ta ja da su ba, amma taurin kai ai gado ta yi. Sai ta koma durƙusawa a bakin fili tana ɗaukar ƙafafu zalla.

A cikin ƙafafun nan akwai na Bushira, wadda ba a taɓa wuce ta a tseren ba. Da shinkafa ta fara nuna, tsuntsayen jan-baki suka sauko gonaki, mahaifinta Malam Abdulmannan ya cire ta daga aji ta je korar tsuntsu. Saura mako uku jarabawa. Malama Naomi ta san yarinyar da ta rasa wannan jarabawar ba ta cika komawa makaranta ba, abin ya tsaya mata a rai.

Ta hau acaɓa, ta shiga kwalekwale, ta iske Malam Abdulmannan a bakin gona. Bayan gaisuwa ta miƙa masa waya: ƙafafu ashirin a guje, ɗaya ta ba sauran tazarar taku uku.

Ya daɗe yana kallo. Can ya ce, "Wannan ta Bushira ce. Babban yatsan nan irin na mahaifiyata ne."

"Baba, a lissafi ma haka take barin su a baya," in ji Malama.

"To Malama, wa zai kore mini tsuntsu?"

Malama ba ta yi masa alƙawarin ƙarya ba. Ta dawo gida ranta a ɓace, tana shirin komawa wurinsa washegari.

Ranar Litinin Bushira ta shigo aji da littattafanta a leda. A can gona kuwa, Malam Abdulmannan ne da furfurarsa a tsaye yana jan igiyar gwangwanaye, yana ihun korar tsuntsu. Maƙwabta suna ta tsokanarsa wai ya koma aikin yara, shi ko waiwayo bai yi ba.