Takardar da Na Kai wa Farfesa Bawa a Tsakiyar Ruwa

Duk tsufan nan nawa, ban manta da Larabar da aiki ya sa ni shiga kwale-kwale da fayil a hammata ba. Lokacin ina ƙaramin mataimakin rajistara, kuma sakataren kwamitin kujerun wakafi.

Ga wanda bai sani ba, mai hali ne kan ajiye wa jami'a dukiya, ribarta ta riƙa ɗaukar nauyin binciken farfesa guda. Kwamiti ya tace sunaye, masana na waje su duba ayyuka, majalisar malamai ta amince. Mai bayarwa ba shi da ƙuri'a. Wani dillalin kifi na Yelwa ya kafa irin wannan kujera da sunan mahaifiyarsa, mai bandar kifi, don binciken tafkin Kainji.

Farfesa Bawa aka zaɓa. Doka ta ce sai ya sa hannu kafin Juma'a, in ba haka ba kujerar ta koma ga wanda ya zo na biyu, mutumin kirki, amma bai taɓa jiƙa ƙafarsa a tafkin ba. Shi kuwa Bawa yana wani tsibiri wajen Ngaski inda waya ba ta shiga. Rajistara ya ce, "Malam Isa, ko iyo ne ka yi."

Ni da ko randa nake tsoro! Amma da muka yi nisa sai zuciyata ta kwanta. Ruwa ya yi luf, sama ta sauko cikinsa, har na rasa inda ɗaya ya ƙare. Mai jirgin ya nuna ƙasa da filafili. "Nan garinmu yake kafin dam. Inna ta ce ga tsamiyar da anka ɗaura mata aure." Na leƙa, gajimare kawai na gani, amma wallahi sai na ji kamar ana daka a can ƙasa.

Na tarar da Farfesa zaune cikin masunta yana auna karfasa. Ya ji saƙona, ya girgiza kai.

"Ba ni so. Duk wanda anka ɗaukaka, ofis ka cinye shi. Ku bar ni da ruwana."

Na zaro fayil daga hammata. Sai na buɗe takardar wakafin, wadda ni na buga amma ban taɓa karanta ta da hankali ba. Na karanta masa sharaɗi guda da dillalin ya roƙa: mai kujerar zai zauna rabin shekara tare da masunta, don mahaifiyar dillalin ta ce ba a sanin kifi daga tudu.

Idonsa ya cika da ƙwalla. Ya goge hannu a riga, bai gogu ba, ya sa hannu. Takardar tana ƙarni har ta isa majalisa, kuma babu wanda ya toshe hanci.

Ku yaran yanzu, ku karanta abin da kuke bugawa. Saura kaɗan na dawo hannu rabbana, alhali amsar tana hammatata.