Fentin da Bai Bushe Ba

Babu hoton mahaifinmu ko ɗaya a duniyar nan. Malami ne a nan Zongon Lome, kuma har ya koma ga Allah bai yarda an ɗauke shi hoto ba, sai na katin shaida da ya zame masa dole. Shi ma ambaliyar wata damina ta tafi da shi tare da takardun gida. Ina da shekara tara ya rasu. Da na haura arba'in sai na lura fuskarsa ta fara ɓace mini. In na rufe ido, rawani nake gani da gemu, tsakiya kuwa babu komai. Abin ya tsorata ni ba kaɗan ba.

A lokacin na yi shekara biyu ina wasa da fentin mai. Ni mai sayar da atamfa ce a kasuwar Adawlato, ba wanda ya koya mini zane, a waya nake kallo ina kwaikwayo. Na fara da mangwaro, ya fito kamar dankali. Na zana buta, na zana jiragen ruwan da ke jere a bakin teku, har wata maƙwabciyata ta rataye ɗaya a shagonta. Shi ke nan kai ya kumbura, na ce Baba zan zana.

Yayana, wanda ya gaji limancin Baba, ya ce zanen mai rai ba abin wasa ba ne. Na ce masa na ji, in an tashi tambaya ni za a tambaya. Bai sake ɗaga maganar ba, amma ya daina shiga ɗakina.

Inna, mahaifiyarmu, ita kaɗai ta rage da ta san fuskar sosai. Duk Lahadi, ranar da ba na fita kasuwa, sai in jingina zanen a kan kujera in kira ta. Ba ta taɓa faɗin sunansa ba, Malam kawai take cewa. Ta leƙo daga bakin ƙofa ta ce hancin ya yi faɗi. In gyara, ta ce wannan ai mahaucin bakin masallaci ne. In sake gyarawa, ta ce to, ya fi na wancan makon, amma ba shi ba ne. Wallahi akwai ranar da haushi ya sa na yi jifa da buroshi har ya faɗa cikin randa. Wata bakwai muka yi a haka, ina kankarewa ina sake shafawa.

Wanda bai taɓa yin zane a Lome ba, ba zai gane masifar ba. Laimar teku ba ta barin fentin mai ya bushe. Sati biyu sai ka taɓa ka ji yana danƙo. Na gaya wa kowa a gidan, har na gaji da faɗa, cewa kada a taɓa, kada a rufe, kada ma a yi shara kusa da shi.

Wata Alhamis da safe ina shan koko sai abu ya faɗo mini. Baba in yana sauraren karatu, idonsa na hagu yakan ɗan sauka fiye da na dama. Na ajiye kofin, na ɗebo fenti mai kauri na sa. Da na ja da baya sai tsigar jikina ta tashi. Ban kira Inna ba, na ce a raina bari Lahadi ta zo in ga abin da za ta ce. Na hau babur na tafi kasuwa, yini na yi ina yi wa masu ciniki murmushi ba dalili.

Da la'asar na dawo na tarar da farin mayafin Inna a kan zanen. Ba yafa shi kawai aka yi ba, an danna shi, an cusa gefe-gefensa a baya. Innalillahi! Na ɗaga a hankali, sai fuskar ta biyo mayafin. Ido, hanci, baki, duk sun cakuɗe. Na tsaya riƙe da mayafi, na kasa ko da kuka.

A gidanmu in za a yi salla, ko kalanda mai hoton mutum juya ta ake yi ta kalli bango. Na ɗauka abin da ya faru ke nan. Na fita tsakar gida, kuma Allah ya yafe mini, na ɗaga wa uwata murya, abin da ban taɓa yi ba. Na ce ɗakuna nawa ne a gidan nan da sai a nawa za ta yi salla, na ce wata bakwai ta zubar mini. Tana zaune tana tsinke alayyafo, ta bar ni na gama.

"Ba salla na shiga yi ba," in ji ta. "Almakashi na je nema, sai na ga Malam yana kallona. Duk zamanmu ban taɓa tsayawa na dube shi ido cikin ido ba. Kunya ce ta kama ni, na rasa inda zan sa kaina."

Ta ce iska ce take ta ɗaga mayafin, shi ya sa ta danna shi.

Na zauna a ƙasa. Ashe na same shi, ni da kaina na same shi, kuma ko yini ɗaya bai yi ba.

Daga baya na sake zanawa har sau huɗu. Na sauke idon hagun daidai yadda na yi ranar, amma hannuna bai sake gano hanyar ba. Da abin ya ishe ni, na je ɗakinta na roƙe ta mayafin, ko zan ga ɗan abin da ya manne a jiki in bi. Ta buɗe akwatinta, na hango shi a naɗe, ba ta wanke ba. Sai ta mayar da murfin ta ɗora hannu a kai.

"Bar mini shi tukuna," ta ce. "Ban gama kallo ba."