Marmarar Baffa

Duk ranar da na ji tifa tana juye tsakuwa a unguwarmu sai raina ya ɓaci, don kwalbatin ƙofar gidanmu na Toranke nake tunawa.

Wani kwari ne a ƙofar gidan, ruwa ke bi da damina. Shekarar da Baba ya sayi amalanke, ya ce a zuba kankare a kai, shanunsa biyu na huɗa su riƙa tsallakawa da kaya. Ya tanadi siminti da rodi, saura baƙar tsakuwar dutse da zai ɗauko daga Gaya. Sai ga Baffa, yayansa, ya sa an jibge mana jar marmara daga gonarsa.

"Ga gudummawata," in ji shi. "Dutse ai dutse ne."

Ina! Ka san marmara kuwa? Mu yara da dunduniya muke murƙushe ta. Ga shan ruwa, ga jar ƙasa manne a jikinta, siminti ba ya kama ta. Baba ya sani, magini ya sani. Amma a gidanmu ƙani ba ya mayar da kyautar yayansa. Baba ya durƙusa ya ce, "Allah ya saka da alheri, Yaya." Inna ta shige ɗaki tana tsaki, ranar tuwo mai gudaji muka ci.

Haka aka zuba kankaren da marmarar. Da aka yi girbi, aka ɗoro dammunan gero. Amalanke na hawa, sai rugum! Kankaren ya burme, ƙafar jan sa, wanda nake ba dusa da hannuna, ta faɗa tsakanin rodi ta karye. Ɓaraguzan nan, wallahi da yatsa ake marmasa su. Kafin la'asar an yanka shi. Sa ɗaya ba ya jan garma, damina ta gaba da hannu Baba ya yi huɗa, har bayansa ya ƙage.

Abin da ke ci mini rai har yau, cinya guda aka ware aka kai wa Baffa, wai rabon babba. Ya juya ta, ya ce, "Ƙaddara ce. Simintin yanzu ne ba shi da kyau."

Yau ana ta cewa yaran zamani ba su da kara. Bara da zan zuba kankaren rufin ɗakina, wani dattijon dangi ya aiko da marmara kyauta, ɗana ya mayar da ita tun daga bakin titi. Aka kawo mini ƙara, wai in tsawata masa. Na ce to. Ranar, tsoka biyu na sa aka ƙara masa a miya.