Modu Ali bakwai, ranar haihuwa ɗaya

Jama'a, yau mutanen Katuzu sun kayar min da gwaji, ni kuma na rasa abin yi!

Kun san manhajar rajistar manoma da nake haɗawa a nan Gashua. Da safe na ƙara sabon sharaɗi a gwajinta: in mutum biyu suka zo da suna ɗaya da ranar haihuwa ɗaya, gwaji ya faɗi, an maimaita mutum ke nan. Na gwada sharaɗin shi kaɗai da sunayen da na ƙirƙira. Allo ya nuna kore shar, wato gwaji ya ci! Har na yi hamdala.

Sai na loda ainihin sunayen Katuzu. Ja wur, gwaji ya faɗi! Modu Ali har bakwai, duk ɗaya ga Janairu!

Na kira Malam Bukar mai rajista. Ya ce, "Injiniya, ai duk wanda bai san ranar haihuwarsa ba, ɗaya ga Janairu muke rubuta masa. Mutane ne daban-daban wallahi, ga ma uku a gabana."

Na kira oga a Nguru. Ya ce, "Kar ka cire sharaɗin, kar ka goge kowa. Gobe za a raba irin shinkafa." Ƙit, ya kashe!

Na sake kiran Malam Bukar, sai wani dattijo ya karɓe wayar. Ya ce, "Ɗana, faɗa wa kwamfutar taka ni ne Modu Ali mai jar saniya. Kowa ya san ni."

Don Allah, a cikinku wa ya taɓa rubuta gwajin jar saniya?