Kumburin Wuyan Jar Saniyar Kawu

Ina shekara ta biyu da fara aikin likitan dabbobi a Illela aka aike ni gwajin tarin fuka a garkunan wajen Badaguishiri. Garke na uku na kawuna ne, mutumin da ya riƙe ni har na gama lakwal, wato makaranta.

Gwajin ba wuya. A aske gefen wuya, a auna kaurin fata, a yi allura, a dawo bayan kwana uku; in wurin ya kumbura, akwai ciwon. Da na dawo, tun ban ɗauko ma'auni ba na ga wuyan jar saniyarsa ya tashi kamar an cusa ƙwai. Ita ake tatsa wa gida, ga shi ciwon kan bi nono ya kama mutum. Sau biyu na auna.

Kawu na tsaye, ya dogara da sanda.

"Mi ka gani?"

"Kawu, tana da shi."

"Wagga? Dubi ƙibarta! Ko tari ba ta yi."

"Ciwon kan ɓuya. Sai an ware ta, a kai ta mahauta."

Makiyaya suka matso. Wani dattijo cikinsu ya ce, "Gadu da barewa da ke shan tabki guda da mu, su ma za ka yi musu allura? Ka yanka tamu, gobe su sake zuba muna ciwon."

An koya mana namun daji kan ɗauki ciwon, amma na dajinmu babu wanda ya taɓa gwada su.

Kawu ya ce, "In an buɗe ta ba a ga komi ba fa?"

Na mayar da ma'auni cikin jaka; na san hakan ma yakan faru.

Ranar kasuwa aka yanka ta. Mahauci ya ciro huhu, ja sumul, babu tabo. Kawu ya zuba mini ido. Na laluba ƙulullukan da ke tsakanin huhun, na sa wuƙa. Na farko lafiya. A na biyu wuƙar ta yi ƙaras, kamar ta hau yashi, wani abu rawaya mai kama da cuku ya fito, alamar ciwon.

Kawu ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce wa mahaucin, ba ni ba, "A gaya ma gida su riƙa tafasa nono."

Muka binne kayan cikin a rami mai zurfi, muka zuba farar ƙasa saboda karnuka da dila. Kawu ya janye garkensa daga tabki ya koma shayarwa a rijiya. Bai sake yi mini magana ba sai da Babbar Sallah.