Harshen Baba Tindaro

Ban taɓa ganin Baba Tindaro a zaune ba. Shagonsa na askirim yana tsakiyar layin masu abinci a unguwarmu cikin birnin Catania, masu gasa naman doki sun sa shi a tsakiya. Daga firji sai ƙofa, daga ƙofa sai firji, yana ta kore hayaƙi da tsumma.

Wurin kakansa ya gaji sana'ar, kuma kamar kakan, ba ya awo. Ya ce lemon tsamin kowane wata da irin tsaminsa, harshe ne ke faɗin sukarin da za a zuba.

Ni nakan ɗan rubuta ra'ayina kan shagunan abinci a shafin unguwarmu na intanet. Wata ranar Alhamis da hantsi ya jawo ni ciki, ya miƙo min cokali.

"Nuccio, ɗanɗana na lemon nan. Gaskiya nake so, ba irin ladabin nan naka ba."

Na ɗanɗana. Zaƙi ya cika min baki har maƙogwaro.

"Baba, sukari ya yi yawa."

Ya buɗe firji ya rufe, ya goge teburin da ya riga ya goge. Can ya faɗa min: tun zazzaɓin da ya yi bara, komai salam yake ji a bakinsa. 'Yarsa Rosalba za ta zo daga birnin Torino ranar Lahadi. Ya yi mata alkawari duk ranar da askirim ɗin ya canja, zai rufe shago ya bi ta.

"In je in yi me a can? In zauna a bene ina kallon hazo?"

Na ce ni ban san ɗanɗanon na da ba, ina yaro na cakulan kawai nake sha. Ya leƙa waje. Alfio mai gasa nama yana hura gawayi, mutumin da suka shekara talatin suna faɗa kan hayaƙi, amma kullum sai ya aiko an sayo masa na lemo.

"Kai, sarkin ƙauri! Zo nan!"

"Me kuma na yi, tsohon ƙanƙara?"

Alfio ya lasa, ya yamutsa fuska. "Ai tun bara nake shan wannan alawar taka, na yi shiru don kada ka faɗi a gabana in sha wahalar ɗaukarka."

Har azahar suna ciki. Baba yana matsa lemo, Alfio yana cewa, "Ƙara. Ƙara dai, marowaci! Tsaya, ka ɓata!"

Ranar Lahadi layin ya cika, masu kai abinci suna ratsa mutane da faranti. Rosalba ta sha cokali ɗaya, Baba yana ta zagaya ta. Ta dubi Alfio, wanda ya bar nama a wuta ya zo ya tokare ƙofa.

"Baba, wa ke ɗanɗana maka?"

Ya ɗauki tsumma ya hau goge tebur.

"Daidai yake da na da," ta ce. "Kawu Alfio, duk ranar da ka gaji da shi, ka kira ni in zo in ɗauke shi."

"Na gaji tun yanzu," in ji Alfio, ya ruga wajen namansa da ya fara ƙonewa.